Ranar da Na Kalli Asabe

Akwai wani kuskure da ya daɗe yana yawo a gidan nan, kuma ni na ƙyale shi ya yi ta yawo. Duk kun san yadda yayarku Asabe take kirana da hannu: ta ɗora yatsu biyu a ƙarƙashin idanunta, sannan ta miƙo su waje. Ku duka, har jikoki, kun ɗauka tabarau take nufi. Kwanaki na ji Hauwa tana koya wa ɗanta wai ma'anarsa "Baba mai gilashi". To, ban fara sa tabarau ba sai bayan Asabe ta haifi ɗanta na biyu. Sunan nan ya girmi tabarau nesa ba kusa ba, kuma ba shi ne sunan da ta fara ba ni ba. Na farkon ba ku taɓa ganinsa ba, don ba abin alfahari ba ne. Yau zan faɗa muku yadda na rabu da wancan na sami wannan.

Shekarar saba'in da shida ce, wadda gwamnati ta ce ilimin firamare kyauta ne ga kowane yaro. Ku da kuka tashi kuka tarar da makaranta a kowace unguwa ba za ku gane irin zumuɗin da muka yi ba. Ni lokacin ina malami mai zagaya makarantu a ƙasar Gumel, da babur ɗina ja wanda in ya tashi sai awaki sun watse. Ajujuwa suka yi ta tsirowa, wasu na bulo, wasu rumfar zana kawai. Aka ce wa masu unguwanni kowane gida ya kawo yaro. Su kuwa mutanenmu ba su da wauta. Mai 'ya'ya biyar sai ya duba wanda ba zai iya bin shanu ko riƙe fartanya ba, ya ce ga na boko. Da haka ajujuwanmu suka cika da guragu, da kurame, da masu dundumi waɗanda ba sa ganin allo. Malaman da aka ɗebo kuma yara ne, wasu ko gemu bai fito musu ba, an yi musu horon gaggawa an miƙa musu alli. In malami ya yi kwana uku yana ihu yaro bai amsa ba, sai ya ce masa ya koma gida. Iyaye su yi hamdala, rajista ta ragu, kowa ya huta.

Ni kaɗai ban huta ba, don a farkon shekarar an tura ni wani kwas na wata uku, inda wata dattijuwar malama ta nuna mana cewa irin yaran nan suna iya karatu a aji ɗaya da sauran, in dai malami ya san hannunsa. Na dawo kaina yana hayaƙi. Mahaifiyarku, Allah ya jiƙanta, ta ce ko tuwo nake ci sai na yi wa kwano lacca. Na yi ta sintiri a ofishin ilimi har suka gaji da ganina, suka ce to ɗauki malami ɗaya daga kowace makaranta, an ba ka mako uku. Ranar da aka ba ni takardar nan, daga ofis har gida ban san na bar babur ɗina a can ba.

Muka taru a wani aji a Gumel, malamai daga Maigatari, da Gagarawa, da Sule Tankarkar, da na cikin gari. Ranar farko na sa kowa ya toshe kunnensa da auduga, na juya musu baya ina rubutu a allo ina magana, sannan na juyo na ce su maimaita abin da na faɗa. Suka yi tsuru-tsuru. Na ɗauki bulala na ce to kowa ya miƙo hannu. Dariya ta ɓarke, amma sun gane. Washegari na ɗaure wa rabinsu ido da rawani na ce su nemo randa. Wata rana na sa suka shigo aji da rarrafe, suka ga yadda dokin ƙofa mai taki ɗaya yake zama katanga. Muka koyi fitar da benci a shimfiɗa tabarma don gurgu ya zauna daidai da kowa. Muka koyi yin haruffa da laka da igiya don mai dundumi ya shafa. Amma dokar da na fi nanatawa, har suka mai da ita waƙa, ita ce ta kurma: kada ka yi magana kana fuskantar allo, ka tsaya inda haske yake dukan fuskarka, ka sauko daidai tsayin yaro, ka kalle shi, ka bar shi ya kalle ka.

Babban malaminmu kuwa ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba. Tanko ne, wani baduku kurma da yake ɗinkin linzami da takalma a kasuwar Maigatari. Na daɗe ina kallonsa ranar Alhamis yana ciniki da Buzaye da Filani da mutanen Damagaram, ba wanda ya taɓa cutarsa da sisi, duk da hannu. Na roƙe shi ya zo ya koya mana maganar hannu. Ya zo da babbar riga sabuwa, ya zauna a kujerar malami kamar an haife shi a kai. Kafin azahar ya raɗa wa kowa suna. Mai dogon wuya, mai sosa ƙeya, mai hamma. In ka yi alama ba daidai ba sai ya kama ciki ya yi ta dariya har da hawaye. Cikin mako biyu malaman nan suna gulmar juna da hannu daga wannan ƙarshen aji zuwa wancan, ni kuwa daɗi kamar in taka rawa.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk wannan wa'azi da nake yi, ina da 'ya kurma a Sule Tankarkar, 'yar shekara bakwai, ban taɓa kallon ƙwayar idonta ba.

Asabe ce 'yar farinmu. Ku 'yan yanzu kuna ɗaukar ɗan fari ku yi ta cilla shi sama a gaban surukai. A gidanmu, da muke da jinin Filani, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa, ba ya tsayawa inda yake. In ya shigo ka kau da kai. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake auna mutuncin mutum. Ana yaye Asabe mahaifiyata, Inna, ta ɗauke ta, kamar yadda aka saba. Tana shekara uku sanƙarau ya kama ta. Inna ce ta yi jinyarta, ta kwana da ita a ƙirji har Allah ya tashe ta, amma ji ya tafi. In na je gaida Inna sai in ce, "Ya mutanen gida?" Ita kuma ta ce, "Suna lafiya." Iyakar tambayata game da 'yata ke nan. Inna ta yi mata tarbiyya irin wadda ta sani: in babba ya shigo, ta dafa mata kai ƙasa. Yarinyar da ido ne kaɗai ƙofarta, muka taru muka rufe mata shi, ni ina kau da kai, ita tana sunkuyar da nata.

Na san mai unguwa ya rubuta ta a makaranta, mahaifiyarku ta gaya mini a kaikaice. Shi ya sa da na tsara zagayen mako na uku, wanda za mu bi ajujuwa mu gwada abin da muka koya, na sa Maigatari, na sa Gagarawa, na tsallake Sule Tankarkar, na ce hanyar yashi gare ta. Wanda ya tona ni shi ne Malam Idi, wani saurayi ɗan Gagarawa da aka tura koyarwa can. Bakinsa ba ya shiru, kuma sabon zuwa ne, bai san 'yar wa ke ajinsa ba. Ya miƙe ya ce:

"Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. Duk abin nan da muke yi, da manya muke yi masu kunne. Ni ina da wata kurma a ajina, wata biyu ko ɗago kai ba ta yi ba. Na riga na gaya wa hedimasta ƙarshen watan nan zan sallame ta. In ka koya mata abu ɗaya a gabanmu, wallahi na riƙe ta har ta gama. In ka kasa, kada ka ga laifina."

Sauran suka ɗauki tafi. Na ce yashi. Suka ce za su tura mota. Ba ni da wata mafita, na ce Allah ya kai mu Laraba.

Ranar Laraba muka cika a-kori-kura, Tanko a gaba kusa da direba, malamai a baya suna waƙar dokar kurma suna buga jikin mota. Sau biyu muka kafe, sau biyu suka tura suna ihu. Kowa murna yake yi, ban da ni. Kafin mu sauka labari ya zaga gari cewa an kawo bebe zai koyar da malamai. Tagogin ajin suka cika da kawuna, maza ta gabas, mata ta yamma. Ina shiga na hango Asabe can ƙarshen aji, jikin bango, da ɗan zanenta mai ruwan bula, kanta a ƙasa. Kafin in san abin da nake yi wuyana ya juya da kansa, kamar yadda ya saba.

Tanko ne ya fara zuwa wurinta. Ya durƙusa, ya buga ƙasa da tafin hannu, ta ji motsin ta ɗago. Ya yi mata alamar akuya, ya tambaye ta nawa gare su. Sai ga yatsu sun fito daga cikin zane: shida, ɗaya kuma tana da ciki. Malamai suka yi sowa. Malam Idi ya riƙe baki. Tanko ya ci gaba da wasa da ita, yana nuna mutane yana tambaya wane ne wannan. Ta yi alamar Malam Idi, baki yana buɗewa yana rufewa, aji ya kwashe da dariya. Sai ya nuno ni.

Ba ta ko yi jinkiri ba. Ta ɗora tafin hannunta a kumatu, ta tura fuskarta gefe.

Tanko ya fara dariya, yana zaton sabon suna ne ta ƙirƙira. Ya sake tambayarta, ta sake yi, ta ƙara da wata alama. Dariyar ta tsaya masa. Ya dube ni, ya dube ta, ya miƙe a hankali. Malam Idi, da bai ga hannunta ba, ya ce me ta ce? Ba wanda ya amsa masa, don mako biyu na yi ina koya musu, duk sun karanta da idonsu. Cewa ta yi: mai kau da kai, babana.

Ana cikin haka na ji muryar da na fi sani a duniya ta tagar mata tana cewa a matsa mata. Inna ce, ta ji an ce ana wasa da jikarta a makaranta, ta taho da sandarta. Ta tsaya a bakin ƙofa. Ga mahaifiyata, ga mutanen garin da aka haife ni, ga malaman da na cika wa kunne, ga yarinya da za a sallama ƙarshen wata. In na ce Tanko ya ci gaba, ba wanda zai zarge ni, za ma a ce ɗan halak ne, ya san kunya. Amma Malam Idi ni ya ƙalubalanta, kuma na san duk malamin da ya ga na kauce yau, gobe shi ma zai sami dalilin kaucewa.

Na cire hulata na ajiye a kan tebur, ban san dalili ba har yau. Na taka har ƙarshen aji, na zauna dirshan a ƙasa a gabanta. Tana ganin ƙafafuna ta dunƙule, ta cusa kai tsakanin gwiwoyi. Na buga ƙasa yadda Tanko ya yi. Ba ta ɗago ba. Na sa yatsa a haɓarta na ɗago fuskar, ta runtse ido gam. Na jira. Can ta buɗe ido ɗaya, ta saci kallon ƙofa wajen Inna, sannan ta dawo da shi kaina. Jama'a, ashe idon mahaifina ne da ita sak, har da ɗan tabon nan a gefen na hagu. Shekara bakwai ina da wannan a gidanmu ban sani ba.

Na jawo ɗan allon hannu na zana akuya. Ta kalla, ta taɓe baki, ta karɓe allin ta gyara mata kunne. Aka yi dariya, ni ma na yi, hawaye yana zubo mini. Na rubuta shida a gefe, na nuna yatsu shida. Ta kwaikwaya, ta farko ta fito a kwance, ta biyu ta miƙe. Na goge, na nuna yatsu shida ban rubuta ba. Ta rubuta da kanta. Malaman nan suka tashi tsaye, wani yana kabbara, Tanko yana tsalle da babbar riga. Malam Idi ya ce ya isa, ya sallama, ya ci amanar kansa in ya kore ta.

Da na tsaya nan, da watakila Inna ta yafe mini da wuri. Amma zumuɗi ya riga ya kwashe ni. Akwai wata dabara da aka koya mana a kwas, a ɗora hannun yaro a maƙogwaron malami ya ji rawar murya. Na kama ɗan hannunta na ɗora a wuyana, na nuna ta da yatsa, na buɗe baki na ce:

"Asabe."

Mata suka ɗauki salati a taga. Ita kuwa ta zaro ido, ta danna hannun sosai, ta yi mini alamar in sake. Na sake. Na faɗa ya fi sau goma, da ƙarfi, sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da liman ya raɗa shi. Ta ɗora ɗaya hannun a nata wuyan tana gwadawa, wani sauti ya fito wanda ba Asabe ba ne, amma ni a wurina ya fi kowace waƙa. Da na waiga ƙofa, Inna ba ta nan.

Da la'asar na je gida na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi tsami, sannan ta yi magana daga ciki, ba ta ɗaga labule ba.

"Ido wa ka raina? Wanda nake gani kullum. Yau ka koya wa yarinya ta tsura wa ubanta ido a gaban gari. Boko ta cinye maka kunya, Habu."

Na ce, "Inna, ba ta da kunne. In ba ta kalla ba, ta ina magana za ta shiga?"

Ta ce, "Ni da na raine ta ban san ba ta da kunne ba? Da kake birni kana kau da kai, wa ya kwana da ita? In tarbiyyata ce ba ta yi maka ba, ɗauki abarka."

Nan na gane ba kunyar kaɗai ke cinta ba. Gani take na zo gaban jama'a na ce ta ɓata yarinya, kuma zan raba su. Na rantse mata ba zan ɗauke Asabe ba, kuma ban ɗauke ta ba. Duk da haka Inna ta yi kusan shekara ba ta amsa gaisuwata da baki, sai dai ta ce "uhm". Goron da na aika da Sallah ta raba wa maƙwabta a gaban ɗan aiken. Baffanninku suka daina zama da ni a tabarma ɗaya wurin ɗaurin aure, kuma akwai wanda har ya rasu bai sake kirana da sunana ba, sai "malamin bebaye". Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Har Inna ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa na yi daidai ba. Abu ɗaya na lura da shi: daga wannan shekara ta daina dafa wa Asabe kai.

Malaman kuwa suka koma makarantunsu kamar an kunna musu wuta. Ba duka suka ɗore ba, wasu sun koma wa bulala kafin damina. Amma na Gagarawa ya sa aka fasa dokin ƙofar ajinsa saboda wani gurgu, na Maigatari ya riƙa kai 'yan ajinsa rumfar Tanko, Malam Idi kuma ya dawo da Asabe layin gaba, kusa da taga, ya koya wa duk ajin maganar hannu har yara masu ji suka fi son ta don su yi surutu ba a kama su ba. Ya cika alkawari, ta gama aji shida a hannunsa. Ɗinkin da take yi yanzu, da awon da take rubutawa a littafinta, daga wannan akuya mai gyararren kunne suka faro.

Bayan wata uku da wannan Larabar na koma Sule Tankarkar zagaye. Na kashe babur a gindin wata bishiyar ƙirya, ana cikin hutun ƙarfe tara, yara suna wasa a fili. Wata yarinya ta taɓa Asabe ta nuno ni, tana tambayarta wane ne. Na tsaya da hannuna a kan babur, ina jiran in ga tafin hannu ya tafi kumatu. Hannun ya tashi, ya wuce kumatun. Ta ɗora yatsu biyu a ƙarƙashin idanunta, ta miƙo su wajena, kuma ba ta sunkuyar da kai ba.

To, kun ji asalin sunan. Hauwa, ki gyara wa ɗanki. Kuma na lura wasunku in Asabe ta zo gidan nan kuna yi mata magana kuna danna waya. Ni na san abin da na biya kafin in kalli yarinyar nan. Ku kyauta kuka samu, ku ajiye wayar ku kalle ta.